Inda Kili Ya Kwana

Tun da idanun Baba suka dushe ya daina neman komai a hannunmu. Abin da aka ba shi ya ci, inda aka shimfiɗa masa buzu ya zauna. Sai da kakar bara, ana sussukar dawa a ƙofar gida, ya juyo wajen da yake jin muryata ya ce, "Kafin in koma ga Mai kowa, ina so in sake kwana a bakin ruwan Bagauda, da doki a turke." Na yi dariya, ina zaton raha ce. Da na dubi fuskarsa sai dariyar ta tsaya mini a maƙogwaro.

Na san daren da yake nufi. A 1986 ne, ina ɗan shekara tara, ya ɗora ni a gabansa bisa Akawali, muka yi sammako daga ƙauyenmu a ƙasar Kiru, Inna da ƙannena suka biyo mu a motar kasuwa da tabarmi da tukunya. Baba manomi ne, doki ɗaya ya mallaka, wanda yake bin hakimi da shi ranar hawan salla, amma ya gaji ilimin zango daga kakansa da ya yi fatauci. A lokacin otal ɗin Bagauda yana tashe. Gwamna Audu Bako, wanda shi kansa mahayi ne kuma gwanin ƙwallon dawaki, shi ya gina shi a shekarun 1970, manya suna zuwa hutawa daga Kano da Kaduna. Mu ba mu da kuɗin ɗaki, ba kuma shi ya kai mu ba. A can tsallake muka ya da zango, muna hangen fitilu suna rawa a kan ruwa.

Abin da ya fi zama a raina shi ne yadda Baba ya zaɓi wurin. Inna ta so mu sauka daf da gaɓa saboda ɗiban ruwa, ya ƙi. Ya ce ruwa maƙwabci ne, ba abokin kwana ba. Sauro a bakinsa yake, kuma ƙasa mai danshi tana ɓata kofato. Ya ja mu kan tudu, ya duba inda iska take kaɗawa, ya kafa turke ta yadda warin kashin doki ba zai biyo mu ba. Kafin duk wannan sai da ya nemi mai gonar, ya gaishe shi, ya ba shi goro. Shekara biyu bayan haka, a watan Agustan 1988, madatsar ta ɓalle bayan ruwan sama mai yawa, ta share gonaki da gidajen da ke ƙasanta. Da labarin ya zo a rediyo, Baba bai ce komai ba, ya dai dubi Inna.

To, ga ni bayan shekara kusan arba'in, na hau babur ina neman wurin da tsoho makaho, da mace, da yara uku, da doki za su kwana lafiya.

Bagauda na fara zuwa. Ruwan yana nan, an gyara madatsar tun tuni, amma otal ya zama reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya, ɗalibai cikin baƙi da fari suna kai-kawo a bayan shinge. Tudun da muka kwana kuwa na kasa gane shi. Duk inda na dosa lambu ne, tumatir da albasa da attaruhu, injin ban ruwa yana ta ƙugi. Dokin da ya tsinke talala a nan, ko na minti goma ne, sai an je gaban mai unguwa. Ban ga laifin kowa ba; mutane abinci suke nema.

Wani abokina ya ba ni shawarar Falgore. Gaskiya ne, daga Tudun Wada zuwa Doguwa babu inda ya fi dajin nan kyau, da duwatsunsa da Kogin Kano yana ratsa shi. Sai dai kurmi gidan tsando ne, cizonsa kuwa shi ke sa wa doki sammore, ga kuma labarin ɓarayin shanu da bai gama gushewa daga bakin mutane ba. Da na ambata wa uwargida, cewa ta yi in je ni kaɗai, in bar mata 'ya'yanta.

Saura Tiga. Madatsar da aka kammala a 1974 ta tara ruwan da ido ba ya ganin ƙarshensa, kuma a wasu ɓangarorin gaɓar dutse ne da tsakuwa, inda garma ba ta shiga. A wani ƙauyen masunta na sami mai unguwa dattijo, na zayyana masa buƙatata. Ya daɗe yana kallona, kamar mai auna hankalina, sannan ya nuna mini wata masussuka a kan tudu, ƙasa busasshiya, ga ɗorawa biyu don inuwa, ga harawar wake ta sayarwa a gidan da ke kusa. Ya ce 'yan sintirinsu za su riƙa leƙo mu.

A hanyar komawa gida na yanke shawarar da har yau nake jin kunyarta. Na ce a raina, Baba ba ya gani, ruwa kuma ruwa ne. Na tara yara na gargaɗe su: duk wanda Kaka ya tambaya, Bagauda muke. 'Yata ta fari ta dube ni ta ce, "Abba, ai kai ka ce ƙarya haramun ce." Na ce ta je ta ɗaure tabarmi.

Baba ya ƙi a ɗora Kili a mota, ya ce doki da ƙafarsa yake isa zango. Don haka ƙanena ya yi asubanci a kansa, mu muka bi da hantsi. Kafin magariba an kafa tanti, an ɗaura gidajen sauro, an sa wa Kili dabaibayi, an jiƙa masa dusa da kanwa. Uwargida ta sayi ƙarfasa daga wani kwale-kwale da ya iso gaɓa, ta soya. Hunturu ya fara sauka, muka hura wuta, yara suka kewaye kakansu yana ba su labarin Akawali. Duk lokacin da ya ce "nan Bagauda," sai 'yata ta sunkuyar da kai.

Cikin dare na farka na tarar da shi zaune a bakin tanti, ya lulluɓa da bargo, kunnensa wajen ruwa. Iska ta tashi, igiyar ruwa tana dukan duwatsu da ƙarfi. Na zauna kusa da shi.

Ya ce, "Ruwan Bagauda ba ya irin wannan magana. Ƙarami ne, raɗa yake yi."

Na rasa ta cewa. Can na buɗe baki zan fara ba da haƙuri, ya ɗaga hannu.

"Tun a mota na ƙirga, na ji mun zarce. Ka gaida mai wurin?"

Na ce na gaishe shi, na kai goro.

"Tudu ne, na ji a ƙafata. Wannan ka yi daidai." Ya yi shiru, ya shaƙi iska. "Amma turken nan a bisa iska ka kafa shi, tun ɗazu warin yake shigo wa yara. Tashi ka kama ni."

Na riƙe hannunsa muka taka zuwa wajen Kili. Ya shafa wuyansa, ya bi ƙafarsa da tafin hannu har zuwa dabaibayi, ya sassauta shi kaɗan. Sannan ya tsaya, ya juya fuskarsa har sai da sanyi ya doki kumatunsa, ya miƙa sandarsa wajen ɗorawa ta biyu ya ce, "Can. Ɗauko tabarya."