Hanyar da mantuwa take bi

Kakata ta fara ne da manta inda ta ajiye carbinta. Bayan shekara biyu takan tambaye ni sau huɗu a zama ɗaya ko na ci abinci, amma ba ta taɓa kuskuren sunayen ƙawayen da suka raka ta ɗakin miji ba. A gida muka ce rikicin tsufa ne, muka bar maganar a nan. Sai bayan rasuwarta na fahimci cewa irin wannan mantuwa tana da tsari, har masana lissafi suna zana hanyarta a kwamfuta.

Furotin zare ne da sai ya naɗe a wata siffa yake aiki. A cutar da likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana a 1906, iri biyu ne suke naɗewa a karkace: amiloid, mai taruwa tsakanin ƙwayoyin jijiya, da tau, mai cukurkuɗewa a cikinsu. Mugun halinsu shi ne, karkataccen yakan karkatar da lafiyayyen da ya haɗu da shi. A 1991 Heiko da Eva Braak suka nuna cewa tau yakan fara ɓarna a bakin sashen ƙwaƙwalwa mai adana sabon abu, sannan ya bazu. Ga dalilin da ya sa jiya ta ɓace wa Kaka alhali ranar aurenta tana nan daram.

A 2012 Ashish Raj da abokan aikinsa a Amurka suka ɗauki taswirar ƙwaƙwalwa tamkar garuruwa da titunan da suka haɗa su, suka bar gubar ta bi titunan a lissafe. Yankunan da kwamfuta ta nuna za su lalace sun yi kama da waɗanda suke motsewa a hotunan marasa lafiya. Aikin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Alain Goriely da tawagarsa a Oxford a 2023, domin sun ƙara aikin lantarkin ƙwaƙwalwa cikin lissafin. Amiloid yana zuga ƙwayoyin jijiya, tau yana dakushe su. Da aka haɗa su sai samfurin ya nuna zumuɗi da farko, daga baya bugun ya yi sanyi, kamar yadda na'urori suke gani a kan mutane.

Ban ɗauki samfurin a matsayin duba ba. Ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86 ne aka dunƙule zuwa yankuna ƙasa da ɗari, kuma babu Kaka a cikinsu. Amfaninsa shi ne gwada zato kafin a gwada magani a jikin mutum. Da irin wannan lissafi masu bincike a Cambridge suka kiyasta a 2021 cewa ƙullin tau yakan ɗauki kimanin shekara biyar kafin ya ninka. Ke nan ranar da muke ɗaga tabarma muna neman carbi muna dariya, abin ya riga ya shekara da shekaru yana aiki.