Wata Takwas a Ƙasar Kanwa

A ƙasar Gure kanwa ba baƙuwa ba ce. Daga kwarurrukan da ke ɓoye tsakanin tuddan rairayi, inda dabino da goruba suke tsayuwa, ake haƙo ta a loda wa raƙuma da motoci. Ana ba dabbobi ita, ana jefa ta a miya, kuma idan ƙwannafi ya taso wa mutum ita ce farkon abin da hannu ke kai wa. Don haka babu wanda ya ga laifi da wata malamar makarantar firamare a garin ta riƙa jiƙa ƴar kanwa tana sha kowane dare, sa'ad da cikinta na fari ya shiga wata takwas.

Watan Oktoba ne, an koma makaranta, damina ta ɗauke ta bar sauro da wani irin zafi mai nauyi. Da safe takan tsaya gaban allo har ƙugunta ya riƙe. Da dare kwanciya ta gagara: in ta yi rigingine numfashi ya ƙi, in ta juya ɗan ya motsa, ga ƙuna tana hawowa daga ƙirji zuwa maƙogwaro. Takalminta ya daina shiga. Duk wannan ba ta faɗa wa kowa ba, domin cikin fari a wurinmu abin kunya ne. Mace takan ɗauke shi kamar ba a jikinta yake ba.

Mahaifiyarta ce ta lura, ta ce, "Nauyin ciki ne, haka kowa ta yi. Ki daure, ki sha maganin zaƙi."

Ta ce, "To, Inna."

Maganar tsohuwar tana da gaskiyarta. Yawancin wahalar ƙarshen ciki ba cuta ba ce. Mahaifa ce ta girma ta tura tumbi sama, ta danne jijiyoyin da ke mayar da jini daga ƙafafu, shi ya sa ƙwannafi da kumburin idon sawu. Kwanciya a gefen hagu, ɗaga ƙafa a kan matashi, cin abinci kaɗan-kaɗan da barin kwanciya nan take bayan tuwon dare suna rage mafi yawansu. Amma akwai kumburin da ke hawa fuska da hannuwa, ya zo da ciwon kai da gani dishi-dishi, kuma haƙuri ba ya maganin wannan. Kunya ado ce, sai dai hawan jini bai san ta ba.

Ranar awon ciki ungozomar asibiti ta ɗaura mata abin gwaji a dantse, ta sake ɗaurawa, sannan ta nemi fitsari. Jinin ya haura 14 bisa 9, iyakar da ma'aikatan lafiya ke fara tsorata da ita, domin daga nan ne jijjiga kan kama mai ciki.

"Malama, me kike sha da dare?"

Da ta ji amsar sai ta girgiza kai. Kanwa tana kwantar da ƙwannafi, amma ƴar'uwar gishiri ce, tana tara ruwa a jiki. Ba ita ke haifar da wannan ciwo ba, sai dai ƙarin kaya ce a kan jikin da ya riga ya gaji. Tun cikin shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan ciwon zuciyar masu jego da kunun kanwa da wankan tafasasshen ruwa. Abin mamaki ne yadda binciken da aka yi a kan matan Hausa ya fi yawo a mujallun Ingila fiye da tsakar gidajen da aka yi shi dominsu.

Aka ba ta maganin hawan jini, da ƙwayoyin ƙarin jini, da Fansidar na rigakafin zazzaɓin cizon sauro, wanda kan shanye jinin mai ciki ya kuma rage nauyin jariri. Aka ce ta kwana cikin sange, ta dawo awo bayan kwana uku. Ta ɗauki hutun haihuwa, wanda dokar Nijar ta tsayar a kan mako 14, ta miƙa ajinta ga wani malami. Abin da ya fi mata wuya shi ne gaya wa Inna cewa an hana kanwa. Tsohuwar ta yi shiru, daga baya ta kwashe ƙullin da kanta ta kai wa awaki.

A 2005 gwamnati ta ɗauke kuɗin tiyatar haihuwa, a 2006 ta ƙara da awon ciki. Amma doka ba ta rage tsawon hanya ba. Daga Gure zuwa Damagaram ya fi kilomita 150, kuma da jinin ya ƙi sauka a awo na gaba, mijinta ya kai ta can gidan gwaggonta, kusa da babban asibiti, ta jira naƙuda. Tana da albashi, tana da dangi a birni, kuma kwalta ta bi ta garinsu. A layin awo ta bar wata yarinya da ta zo daga wani kwari a kan amalanke, tafiyar rabin yini cikin rairayi, zoben hannunta ya nutse cikin yatsa.