Mudun Awon Lafiya

Bahaushe mutum ne mai awo. Hatsi yana da mudu da tiya, tufa tana da kamu da yadi, gona kuma akan ƙiyasta ta da yawan damman da take bayarwa. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Kazaure ko ta Ɓaɓura da kaka ya san ba a cinikin gero da fatar baki, sai an zuba an auna a gaban mai saye. Amma akwai wani abu da ya fi hatsi daraja wanda ba a cika auna shi ba, wato ƙarfin da ya rage wa mutum bayan ya tashi daga jinya. Idan aka je dubiya aka ce, "Ya jiki?" amsa ɗaya ce, "Da sauƙi." Mai numfashi da ƙyar haka zai ce, wanda ya warke sarai ma haka zai ce. Wannan amsa ladabi ce da godiya ga Allah, kuma tana da kyau a muhallinta, sai dai ba ta nuna ko mutumin zai iya komawa gona gobe.

Wannan giɓi ya fi fitowa fili a cututtukan da ƙwayoyin bairos ke haddasawa, domin wasunsu sukan tafi su bar baya da ƙura. Mutanen Jigawa ba baƙin wannan lamari ba ne. A watan Agusta na 2020 aka bayyana cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar shan inna, amma manyan da ta kama tun suna yara suna nan a garuruwa da ƙauyuka. Masana sun gano cewa daga cikin mutum 100 da suka yi wannan cuta, tsakanin 25 da 40 sukan gamu da sabon rauni da gajiya bayan shekara 15 zuwa 40. Haka kuma zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yau, yakan taɓa jin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka tsira daga gare shi. Sai kuma cutar korona, wadda ta shigo Nijeriya a watan Fabrairu na 2020, kuma a watan Afrilu na wannan shekara Kazaure tana cikin wuraren farko a Jigawa da aka hana fita saboda ita. An buɗe kasuwanni da makarantu tuntuni, amma ba kowane majinyaci ne ya koma yadda yake a da ba.

A watan Oktoba na 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'anar larurar da ke biyo bayan korona. Ta ce alamominta sukan kasance tare da mutum wata 3 bayan kamuwa, su ɗauki aƙalla wata 2, kuma a rasa wata cutar da za a jingina su gare ta. Waɗanda suka fi yawa su ne gajiya, ƙarancin numfashi da dushewar tunani. Abin lura shi ne hukumar ta haɗa da cewa alamomin sukan taɓa ayyukan mutum na yau da kullum. Ke nan bayan likita ya tabbatar ba ƙarancin jini ko tarin fuka ko ciwon suga ne ke damun mutum ba, sauran bayanin yana cikin yadda yake gudanar da yininsa.

A ɗauki misalin wata malamar firamare a wani ƙauye na Roni. Kafin zazzaɓi ya kwantar da ita, takan tashi da asuba ta ɗebo ruwa, ta ɗora koko, ta taka zuwa makaranta, ta koyar har a tashi, ta dawo ta yi daka. Bayan ta warke, fuskarta ta ciko, gwajin asibiti bai nuna komai ba, amma darasi biyu a tsaye sai ƙafafunta su ɗauki rawa, sunayen yaran da ta sani sarai su riƙa kuɓuce mata. Shugaban makaranta yana ganin sakaci ne, uwar miji tana ganin son jiki ne, ita kuwa kunya ta hana ta cewa komai ban da "da sauƙi". Abin da ke cikin haɗari a nan shi ne aikinta da mutuncinta da zaman aurenta. Da akwai mudun da zai nuna abin da take iyawa a bara da abin da take iyawa a bana, da zargin ya ragu.

Masana kiwon lafiya sun daɗe suna ƙera irin wannan mudu. A 1965 aka fitar da ma'aunin Barthel a Amurka, mai duba abubuwa 10 kamar cin abinci, wanka, sa tufafi da hawa matakala. Amfaninsa babba ne ga wanda ya sami shanyewar ɓarin jiki, amma malamar da aka ambata za ta cinye makinsa duka alhali ba ta iya aikinta. Daga baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta samar da ma'aunin WHODAS, mai tambayoyi 36, da gajerensa mai 12. Yana duba fannoni shida: fahimta, zirga-zirga, kula da kai, mu'amala da mutane, aikin gida da na sana'a, da shiga harkokin jama'a. Akan tambayi mutum wahalar da ya sha a kwana 30 da suka wuce wajen tsayuwar minti 30, ko tafiyar kilomita 1, ko tattara hankali kan abu na minti 10, ya zaɓi amsa daga matakai biyar, tun daga "babu wahala" har zuwa "ba na iyawa".

Sai dai mudun wani gari ba ya cika daidai da na wani. Tambayar hawa bene ba ta da ma'ana ga wanda duk ƙauyensu babu bene, kuma manomi a Gwiwa ba ya lissafin tafiyarsa da kilomita. Amma idan aka tambaye shi ko yana iya kaiwa gonarsa ba tare da ya zauna a hanya ba, ko kunya nawa yake nomewa kafin hantsi, zai ba da amsa tiryan-tiryan. Mace ta san guga nawa take ja a rijiya, ta san ko tana iya surfe tiya guda ita kaɗai. Masu bincike a Jami'ar Bayero ta Kano sun fassara wasu ma'aunai irin waɗannan zuwa Hausa, musamman na ciwon baya, kuma aikin ya wuce musayar kalma da kalma. Dole mai fassara ya bambance gajiya da kasala da raki, domin kalma ɗaya da aka ajiye ba a wurinta ba tana iya mayar da tambaya zargi.

Akwai kuma wani ɓoyayyen al'amari da yawancin ma'aunai ke tsallakewa. Wasu masu wannan larura sukan iya yin aikin a yau, amma bayan awa 12 zuwa 48 jiki ya rushe, su kwanta kwana biyu ko fiye. Idan aka tambayi irin wannan mutum ko yana iya zuwa ɗaurin aure a Kazaure, zai ce yana iyawa, kuma bai yi ƙarya ba. Tambayar da ta dace ta biyo baya ita ce, "In ka je ka dawo, me yake faruwa washegari?" Saboda haka ne likitoci ke ba irin waɗannan mutane shawarar su raba aiki daidai da ƙarfinsu, su huta tun kafin jiki ya gaza, maimakon a matsa musu da cewa su daure.

Wannan tunani ba baƙo ba ne ga Musulmin ƙasar Hausa. Duk ɗalibin da ya karanta fiƙihu ya san hukuncin sallar majinyaci: ya yi a tsaye, in ya kasa ya yi a zaune, in ya kasa ya yi a kishingiɗe. Hukuncin ya rataya ne a kan abin da mutum yake iyawa, kuma shi majinyacin ne aka amince wa ya faɗi iyakar ƙarfinsa, tun da mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tambayar "A tsaye kake salla ko a zaune?" tana iya bayyana wa ma'aikacin lafiya abin da dogon bayani bai bayyana ba.

Ɗalibin da ke shirin zama malami yana da rabo biyu a wannan batu. Na farko, aikin koyarwa aikin tsayuwa ne da murya da tattara hankali, wato abubuwan da wannan larura ta fi taɓawa. Wata rana zai iya zama shugaban makarantar da abokin aikinsa ya dawo daga jinya ba yadda ya tafi ba. Kujera a gaban aji, rage yawan darussa na ɗan lokaci, da rubuta abin da mutum ya iya yi kowane mako domin a kai wa likita, ƙananan abubuwa ne da ke iya ceton aikin mutum. Na biyu, malamin Hausa shi ne mai riƙe da kalmomin da za a gina waɗannan tambayoyi da su, kuma a ƙauye sau da yawa shi ake kira ya karanta wa marar ilmin boko takardar asibiti. Idan ya iya tambaya cikin ladabi, ya saurari amsar da ke biyo bayan "da sauƙi", to ya taimaka an auna wa majinyaci da mudun garinsu.