Kafin Ki Saya Wa Yaro Mota Mai Rimot

 Maganarmu ta wannan mako a kan motar wasa ce. Kada ki ce ai wannan zancen maza ne, gama sau da yawa daga asusunki ko ɗibar adashinki kuɗin ke fita, in kuwa ta mutu bayan kwana uku a gabanki za a zo a yi kukan.

Dā yaran Kabo da Garo da Gwarzo da kansu su kan ƙera motarsu, ta kara ko ta langa-langa, su ɗaura igiya su ja. Yanzu kuwa da Salla ta gabato sai yaro ya kafe, shi sai babbar mota mai rimot, irin wadda a kan sayo a kasuwar Sabon Gari ta Kano. Na raini 'ya'ya, ga kuma jikoki, motocin nan da yawa sun mutu a tsakar gidana, har na gane ran motar a abu biyu ya ke, watau injin da ke juya ƙafafu, da batir. Fenti da fitilu ado ne kurum.

Injin iri biyu ne. Na farko yana da waɗansu 'yan gawayi biyu a ciki, masu gyara na ce musu buroshi, su ke gogar sandar da ke juyawa su ba ta wuta. Shi ne mai araha, amma yau da gobe gawayin ya kan cinye, balle in ƙurar hunturu da rairayi sun shiga. Na biyu ba shi da buroshi ko kaɗan. Maganaɗisu ne ke juyawa, naɗin wayar jan ƙarfe na tsaye, wata 'yar na'ura ke raba musu wuta. Ya fi tsada, amma ya fi ƙarko da gudu, bai kuwa cika shan batir ba. Gane su ba wuya. Ki ce mai kanti ya nuna miki injin, ki ƙirga wayoyinsa. In biyu ne mai buroshi ne, in wayoyi masu kauri uku ne marar buroshi ne.

A ganina ɗan shekara biyar ko shida mai buroshi ya ishe shi, don gudun ɗayan ya fi ƙarfinsa, zai kai wa bango karo tun ran Salla. Wanda ya tasa, ya san darajar abu, shi a ke saya wa marar buroshi. Za ki ga wata lamba da KV a jikin injin. Babbar lamba gudu ce, ƙarama kuwa ta fi dacewa da mota mai nauyi da ƙasa mai rairayi irin tamu. Sa'an nan ki nemi rimot mai 2.4GHz, don irin na dā mai 27MHz, in yara biyu suka haɗu, na wannan ya kan ja motar wancan, sai faɗa.

To, sai batir. Wanda mu ke sa wa rediyo 1.5V ne, in ya ƙare ya ƙare. Na lithiyam, dangin na wayar hannu, 3.7V ne, a kan yi masa caji. Kada a sa wa mota wanda ya fi abin da aka rubuta mata, injin zai ƙone. Haruffan mAh kuwa su ke nuna yawan wutar da ya ke riƙewa, kamar randa da tulu. Amma fa a lura. Batirin nan dogo mai lamba 18650, na kirki bai kan wuce wajen 3,500 ba. Kadan kika ga an rubuta 9,900, ƙarya ce, ki mayar masa da abinsa. Kowa ya sayi rariya ya san ta zub da ruwa.

Abin da ya fi kuɗi shi ne lafiya. Batirin lithiyam ya kan kama wuta. Kada a yi cajinsa a kan katifa, ko cikin ranar bazara, ko a bar shi a jone a kwanta barci. A ajiye shi a kan siminti inda idonki ke kai, da cajarsa ta asali. In ya kumbura, ko ya huje, a raba shi da gida, kada a jefa shi a murhu. Ƙaramin batir mai kama da maɓalli kuwa ya fi kowanne haɗari. In yaro ya haɗiye shi, cikin awa 2 ya kan iya ƙona maƙoshi. Kada ki sa shi amai. Ki nufi babban asibitin Gwarzo ko wanda ya fi kusa nan da nan. In ya haura shekara 1, ki riƙa ba shi zuma ƙaramin cokali 2 kowane minti 10 a kan hanya.

Ku kuma 'yan makaranta, ku za ku karanta wa iyayenku haruffan nan a kanti. In mota ta mutu kada a yar. Ku cire batirin, ku kwance ta, ku ga yadda injin ya ke, ke da ƙaninki duka. Tun 1977 aka buɗe makarantun kimiyya a Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, na 'yan mata suka biyo baya, kuma yarinyar da ta san dalilin waya biyu da waya uku tun a gida ba za ta yi baƙunta a can ba.

Allah ya raya mana zuri'a, ya sa mu ga Salla lafiya. Haza wassalam.