Babbaƙu da Farfarun Lakwal



Bara, da watan Oktoba ya kama, muka riƙe hannun ɗiyarmu ta fari, mai shekara shida, muka kai ta lakwal a nan Maraɗi, aka rubuta ta a ajin farko da ake kira CI. Ba a yi wata uku ba ta fara dawowa gida tana zuba karatun Faransanci kamar ruwa. Muka cika da alfahari, duk baƙon da ya zo sai mun sa ta karanta masa.

Ran nan mahaifinmu, limamin unguwa, ya ce a kawo littafin. Malam bai san ko harafin boko ɗaya ba, amma ya daɗe yana biya wa yara allo. Tana karatu, shi kuwa yana kallon yatsanta. Da ta ƙare sai ya ɗauki tsinke ya ɗora a kan wata kalma a tsakiyar layi, ya ce: "Amarya, wannan fa?" Ta yi shiru. Can sai ta koma farkon layi, ta rero har ta iso wurin. Malam ya dube mu ya ce: "Wannan hadda ce, ba karatu ba. Yarinyar nan ba ta yi babbaƙu ba." Kunya ta rufe mu, domin mu da muka yi allo muka kuma yi sakandare ba mu gani ba.

Washegari muka je wurin mushenta. Ba mu ga laifinsa ba: yara sun haura saba'in a ajin zana, uku uku a kan littafi guda. Ya bayyana mana aikin wannan shekara. Yaro zai san kowane harafi da sautinsa, wasula tukuna, sannan baƙaƙe. Daga nan ya haɗa m da a su ba da ma, ya haɗa gaɓa da gaɓa su tayar da kalma. Muka ce ashe hanyar da muka bi ce a zaure: babbaƙu, sannan farfaru, inda ba da wasalin sama ke zama ba, da na ƙasa bi, da rufu'a bu.

Sai dai ɗan lakwal yana ɗauke da kaya biyu a kai ɗaya, domin yana koyon harafi yana kuma koyon harshen da ba a yi da shi a gida. Ga Faransanci da haruffan da ake rubutawa ba a faɗarsu: kalmar ruwa, eau, haruffa uku ce, amma sautinta o kaɗai. Ga hannun da ya saba tashi daga dama a allo, yanzu an ce ya tashi daga hagu. Irin wannan nauyi ne ya sa aka fara gwada koyar da ƙananan yara da Hausa a Damagaram tun 1973. Yaron da bai gane ba, kuma yana tsoron a ce bai iya ba, hadda ce mafakarsa.

Lissafi ma da muka bincika, labarin ɗaya ne. Tana ƙirgawa har ashirin da Faransanci, amma da muka zube mata dabino bakwai, bakinta ya riga yatsanta, ta ce tara. Ƙidaya ta gaskiya ita ce kowane abu guda ya sami lamba guda, kuma lambar ƙarshe ita ce jimillar abin da aka ƙirga. A nan harshenmu ya yi mana gata. Mai cewa goma sha ɗaya ya riga ya faɗi cewa goma ce da ɗaya a kai, abin da onze ba ta nuna wa yaro. Mai cewa ashirin ba biyu ya yi ɗebewa bai sani ba. Akwai kuma inda ya kamata a kula: kuɗin da aka rubuta 25 a kansa muna ce masa dala biyar, mai 100 kuma dala ashirin, saboda dala ɗaya tamma biyar ce. In ba a warware wa yaro wannan ba, sai ya ɗauka lambar kasuwa daban, ta lakwal daban.

Muka raba aiki. Bayan Magariba, kwata ɗin awa kawai, mu ne da haruffa: mu nuna harafi a tsallake, mu rubuta sunanta da na ƙannenta a ƙasa, ta nemo sautin da ya maimaitu. Mahaifiyarta, wadda ba ta taɓa shiga lakwal ba, ita ce da lissafi. Ta kakkarya karan dawa, kowane goma ta ɗaure su dami guda, dami ɗaya da kara uku ya zama 13. Kafin damina ta faɗi, muna wucewa ta gaban wani mai gyaran babur, yarinyar ta ja rigarmu ta tsaya, ta dubi allonsa, a hankali ta ce mo, ta ce to, sannan ta yi tsalle ta ce moto. Ba wanda ya taɓa biya mata wannan kalma.

Don haka muna roƙon kowane magidanci da kowace uwa: yau da dare ku ɗauki tsinke irin na Malam, ku ɗora a tsakiyar layi. In yaro ya yi shiru, kada a tsawata masa, a koma da shi babbaƙu, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya buɗe wa ƴaƴanmu basira, Ya saka wa malamansu da alheri. Amin.