Birnin Damagaram: gyaran gari da masu garin

Daga Maradi zuwa Damagaram tafiyar kilomita wajen 240 ce. Mota na bi ta Tasawa da Takeita. Abin da matafiyi ke fara gani in ya kusa, shi ne manyan duwatsu, wani bisa wani, kamar mutum ya jera su da hannu. Cikin waɗannan duwatsu garin yake zaune.

Masu karatu, ga wanda bai taɓa zuwa ba, tsohon garin kashi biyu ne. Akwai Birni, inda fada take. Akwai Zango, inda ayarin raƙuma ke sauka a zamanin da. Sauran unguwanni daga baya suka tsiro. Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, shi ya ɗaukaka garin, ya ƙarfafa ganuwa, har igwa aka ƙera a zamaninsa. Turawan Faransa sun shigo a 1899. Nan suka yi babban birnin ƙasa, kafin su maida shi Yamai a 1926. Ƙarancin ruwa na cikin dalilan da ake faɗi, kuma mutanen Damagaram sun daɗe suna fama da shi.

Birni da ƙafa ake shigarsa. Lunguna ƙanana ne, wani sai jaki da mai shi. Amma ka ɗaga kai ka dubi zaurukan! Ga zankwaye bisa soro, ga dagi da zane iri iri a fuskar gida, wasu an shafa musu launi, wasu an bar su da jar ƙasarsu. Attajiran da, da ƙofar gida suke nuna arzikinsu. Duk wannan da tubali aka yi shi, da azara ta giginya, da makuba wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. In ka shiga irin zauren nan da tsakar rana a watan Afrilu, sai ka ji sanyi kamar ka shiga randa. Ɗakin kwano ba ya yi maka haka, ko nawa ka kashe masa.

Saboda wannan gado ne a 2006 ƙasarmu ta miƙa sunan tsohon birnin ga hukumar UNESCO, cikin jerin wuraren da take so a shaida su kayan tarihin duniya ne. Agadas ta samu wannan shaida a 2013. A 2018 kuma Damagaram ta karɓi bikin 18 ga watan Disamba, wanda a lokacin yake zagaya jihohi, bayan Doso, Maradi, Agadas da Tawa. Shirin an sa masa suna Zinder Sabuwa. An shimfiɗa godoro, an kafa fitilu bakin hanya, an yi wasanni da waƙe-waƙe da hawan dawaki. Ba mai musun amfanin wannan. Ƴan kabu-kabu sun huta da rairayi, masu tuyar dare sun samu haske, leburori sun ci abinci wata da watanni.

To amma gari ba hanya kaɗai ba ne. Duk inda aka ce za a yi wa gari kwalliya, mai rumfa a bakin hanya shi ke fara jin tsoro. Mun ga yadda aka yi a Yamai a 2016, sa'ad da aka rushe shaguna da rumfuna masu yawa don a share manyan hanyoyi. Wanda aka ta da daga inda masu saye suka san shi, in ba a ba shi wuri mai ciniki ba, an taɓa tukunyar gidansa ke nan. Hanya mai kyau kuma tana ta da kuɗin haya da kuɗin fili. Mai ƙaramin ƙarfi sai ya ja baya, ya koma bakin gari inda ba pampo, ba kuran.

Sai kuma maganar unguwannin da baƙi ba su zuwa. Kara-Kara, wadda a da aka tara kutare a cikinta, har yau talauci ya yi mata katutu. Aisha Maki, ƴar garin, ta yi fim a kan samarin unguwar a 2021, aka nuna shi har ƙasashen waje. Waɗannan samari su ma ƴan Damagaram ne, kamar dogarin da ke tsaye ƙofar fada da jar riga.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne gidajen Birni su kansu. Ginin ƙasa kamar gona yake, kowace shekara yana son hannu. Da, kafin damina, ana kiran magina su yi yaɓe, a gyara indararo, a toshe tsaga. Yanzu gida guda magada ashirin ke da shi, rabi suna Yamai ko Kano, kowa na jiran wani ya fara. Giginya ta yi wuya, azara ta yi tsada. Wasu kuma sai su lulluɓe bango da siminti, suna ganin sun huta. Ina! Siminti ba ya barin ƙasa ta sha iska. Laima na taruwa a ciki, bangon na ruɓewa, daga waje kuwa sumul, har ranar da zai zube baki ɗaya. Haka nan in an ta da hanya sama da ƙofar gida ba a yi wa ruwa mafita ba, cikin gida zai nufa.

A farkon watan Satumba na 2024, bayan ruwa mai yawa, tsohon masallacin Birni, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe. Mutane na tsaye suna kallo, ba abin da suka iya yi. Labarin ya kai ko'ina, don masallaci ne sananne. Gidajen talakawa da suka faɗi a wannan damina kuwa, masu su kaɗai suka san zafinsu.

A nawa gani, in za a sake zuba kuɗi don al'ada a garin nan, kashi mai kauri ya kamata ya shiga hannun magina, dukawa da majema. A zauna da Sarkin Magina da masu unguwa tun ba a kawo injin ba. A ɗauki yara su koyi tubali da zane wajen tsofaffi, ana biyansu. Kada a dogara ga Turawa masu yawon buɗe ido, don rashin tsaro ya rage zuwansu ƙwarai tun shekarun baya. Masu zuwa Birni yau galibi mu ne: ƴan kasuwar Dole ranar Alhamis, ƴan lakwal da malamansu, da mutanen ƙauye masu zuwa kallon hawan sallah da hawan ƙaho, su sayi alkaki da takalmin fata su koma gida da marece.