Tambarin da Ke Gindin Takobi

In aka zaro wa mai saye tsohon takobi a Kasuwar Kurmi ta Kano, gindin ruwan yake fara kai ido yana neman tambari: jinjirin wata biyu masu fuskar mutum, ko wata dabba mai kama da kare tana gudu. Da ya gani, sai ya gyara zama a shiga ciniki.

Dattijon da na yi zaman rumfarsa bai yarda da wannan gaggawa ba. Yakan danne tambarin da babban yatsa, ya ce, "Yaro, duba ƙarfen tukuna." Sai na lanƙwasa ruwan a hankali in ga ko zai koma daidai, in ƙwanƙwasa in ji amonsa. Bayan nan ne yake ɗaga yatsa.

Yana da hujja. Da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta ruwan takobi 50,000 ke shigowa a shekara, kusan duka daga Solingen ta Jamus, a nan ake sa musu ƙota da kube. Dabbar nan mai gudu kerkeci ce, asalinta alamar maƙeran Passau. Na Solingen suka ɗauka, maƙeran Sahara da na ƙasar Hausa su ma suka kwaikwaya, don ita kasuwa ke so. Tambarin da aka buga da hatimin ƙarfe yana nutsewa, zurfinsa ɗaya. Wanda aka zana daga baya da kurfi, za ka ga inda hannu ya yi rawa.

Mutanen Japan ma haka suke fama. Masu ƙera tsuba, faifan da ke kare hannu, da yawansu sukan sassaƙa sunansu, kuma an sha satar sunan manya irin na gidan Goto. Ƙungiyar adana takubba da aka kafa a Tokyo a 1948 tana gwada saran kurfi da na ayyukan da aka tabbatar kafin ta ba da takarda.

Su dai suna da sunan da za a sata. Abin da ke ci mini rai ke nan. A nan kuwa, badukun da ya ɗinka kube, da wanda ya ƙera ƙota, da wanda ya kitsa hamila, ba wanda ya bar suna. Dattijon nan kuwa daga ɗinki da rinin fata yake gane hannu, har ya faɗi gidan da aikin ya fito. Shi ya sa yanzu duk dattijon da ya ce mini "wannan hannun gidan wane ne", sai na rubuta, in ɗauki hoton ɗinkin, in tambaye shi a wurin wa ya ji.